Ranar da Malam Ya Hau Injin Gudu

Idan Malam ya miƙa maka hannu, ba ya saki da wuri. Sai ya zame yatsu biyu zuwa wuyan hannunka, yana tambayar iyali yana sauraron bugun jininka. Ɗalibai suka sa masa Likitan Gaisuwa, ko da yake ilimin motsa jiki da kiwon lafiya yake koyarwa a jami'a.

Ya tarar da sashen ɗaki ɗaya ne da ƙwallaye a kwali. Sai da ya yi furfura ya samu injin gudu, wanda ake hawa a yi gudu a wuri ɗaya, da na'ura mai zana bugun zuciya a allo.

Shekarar da zai yi ritaya masu tantance sassan jami'a suka zo. In ba su ga an yi gwaji ba, sashen za a rufe. Ɗan wasan da aka shirya kuwa ya gurɗe ƙafa da safe. Malam ya tuɓe riga.

"Malam, a kira ɗalibi mana," in ji mataimakiyarsa, tsohuwar ɗalibarsa.

"Yanzu suka cika tumbi, ba a gwada mai ƙoshi. Manna min wayoyin, 'yata."

Ta manna, ta tsaya kusa da jan maɓallin tsayarwa. Da farko yana tafe yana yi wa baƙin bayani, har da zolayar babbansu cewa teɓarsa ma tana son gwaji. Suka yi dariya. Ita allon take kallo.

Da inji ya ƙara sauri, zanen ya fara nutsewa a inda bai kamata ba. Ta san wannan nutsewar. A ajinsa ta koye ta. Ta dube shi. Ashe ya riga ya gani, ya kau da kai.

"Ƙara gudu," ya ce.

"Malam."

"Saura kaɗan. Kada ki ba ni kunya gaban baƙi."

Ya daina barkwanci. Hannunsa na hagu ya damƙe ƙarfen riƙo, leɓensa ya yi fari. Baƙin na ta rubutu abinsu. Ta tuna shekarun da ya yi yana zaryar ofisoshi saboda wannan injin. Sannan ta danna maɓallin.

Ya sauko a hankali ya zauna.

"Yaran yanzu ba sa jin magana," ya ce, numfashinsa na yankewa. Da ta ce a kawo mota, bai ƙi ba.

Ya rayu, amma bai sake tsayawa gaban aji ba. Sashen ma bai mutu ba. Babban baƙon ya ce tsayarwar ita ce gwajin da ya gani.

Akwai ɗaki na biyu da Malam ya yi alkawarin nuna musu, inda ya fara kafa ƙarafan dafawa domin tsofaffi masu koyon tafiya bayan jinya. Bango ɗaya ya gama. A ɗayan, ramukan kusoshi ne kawai.