Gurbin Inna a Falalen Dutse

Ni dai ban taɓa ganin abin kallo a jikin dutsen garinmu ba. Wani ƙato ne ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna a karkace, kamar tulun da aka ɗora kan gammo aka manta da shi, shi ke nan. Mu da muka tashi a gindinsa, can gaba da Maiyama, inuwarsa muka sani, sai falalen da ke ƙasansa inda mata ke niƙa da shanya. Kwatsam sai aka ce an kewaye shi da waya, an yi masa ƙofa, wai ya zama wurin shaƙatawa. Da na ji a rediyo dariya na yi, na ce lallai akwai waɗanda suka rasa aikin yi.

Inna ba ta yi dariya ba. Lokacin tana wurina a Jega, shekara biyar ke nan da na ɗauko ta daga ƙauye, idonta kuma ya kusa tafiya gaba ɗaya, haske da duhu kawai take rarrabewa. Ta sa na maimaita mata labarin sau biyu, sannan ta ce, "Ki kai ni. So nika yi in sa hannu ga gurbinmu tun ina iya tahiya."

Gurbin da take nufi ɗan rami ne a jikin falalen, wanda niƙa ya cinye a hankali. Kowane gida da nasa, uwa ta bar wa 'yarta ko surukarta. Namu kakar Inna ce ta fara shi, kuma da yake Inna a garin ta yi aure, bai taɓa fita daga hannunta ba. Ya fi na kowa zurfi, tana kuwa ji da hakan. Babu macen da za ta zuba ko tafin gero a gurbin wani gida, ko da ta tarar babu kowa a wurin. Abin kunya ne babba, an sha yin gaba a kansa. Ni ban gaji komai ba, don ina firamare injin niƙa ya shigo garin. Abin da na riƙe shi ne zama a bayanta tana durƙushe, ga gabu, dakakken ganyen albasa, an dunƙula an jera a rana, warinsa ya cika wurin.

Wata Asabar bayan an gama cirar albasa muka tafi. Motar haya cike da buhuna, mu a matse a gaba, daga bakin titi kuma kabu-kabu ya ƙarasa da mu. A ƙofa wani mai gyangyaɗi ya yanka mana tikiti biyu. Matar da aka binne cibiyarta a garin, sai da takarda ta shiga wurin da ta yi shekara arba'in tana zuba gumi. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don ba faɗa ya kawo ni ba.

Wurin shaƙatawa kuwa na gan shi. Bencin siminti uku ne, an shafe su da fenti kore, ɗaya ya riga ya tsage. Akwai lilon yara da sarƙarsa ta tsinke, akuya na ɗaure a ƙafarsa. Ledojin ruwa ko'ina. Samari sun bi jikin dutsen da gawayi da fenti sun rubuta sunayensu da na 'yan matansu, sai ka ce akwai wanda ya tambaye su. Wasu gardawa da gemunsu, sun sha shadda, sun tsaya a ƙarƙashin ƙaton dutsen sun ɗaga hannuwa sama, wai a ɗauke su hoto kamar su ne ke tallabe da shi. Mutanen da ko buhun albasa ba za su iya ɗagawa ba. Na gode wa Allah da Inna ba ta gani, daga baya na ji kunyar wannan godiya.

Sai ga mai yi wa baƙi bayani, wani dogo da riga mai walƙiya da usur a wuya, wanda daga jin maganarsa ka san bai taɓa kwana a garinmu ba. Ya tara mutane a bakin falalen yana nuna gurabun da sanda. Ya ce, "Waɗanga ramukka da kunka gani, babu wanda yas san wa yag gina su. Wasu na cewa mutanen da na, da sunka ƙare tun ba a kahwa garin ga ba. Wasu na cewa sawun aljannu na."

Masu shadda suka gyaɗa kai. Ɗaya har da ja da baya yana addu'a.

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryar ta ce, "Waɗanne mutanen da, ɗan nan? Ga ni tsaye."

Ya yi dariya, ya ce wa baƙinsa tsohuwa akwai ban dariya, ya wuce da su gaba. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba. Ana biyansa don ya san wuri ɗaya tak a duniya, mai wurin ta zo gabansa da ƙafarta, bai ko tambaye ta daga ina take ba.

Inna ta tuɓe takalmanta ta ba ni. Ta sa na tsayar da ita daidai inda inuwa ta ƙare, daga nan ta fara takawa a hankali, tafin ƙafarta na laluben dutsen, ina riƙe da gwiwar hannunta. Ba ni ke ja mata gora ba, ita ke jana. Na ɗaga kai na duba inda ta nufa, sai na tsaya cak. A daidai gurbinmu an kafa wani allon sanarwa. Masu aikin sun ga rami mai zurfi a shirye, sun huta da haƙa, suka cusa ƙafar ƙarfe a ciki suka cika da siminti. A jikin allon an rubuta a kula da kayan tarihi.

"Mi at tsai da ke?" in ji Inna.

Na ce ba komai. Na ɗan karkata hannunta zuwa dama, taku biyu kacal, zuwa wani gurbin da ke kusa, shi ma da ɗan zurfinsa. Na ce a raina ai ba ta gani, rami rami ne, me zai sa in ɓata mata tafiyar. Na ce, "Inna, ga shi nan."

Ta durƙusa. Dogon ya busa usur daga nesa yana cewa ba a taɓawa. Na ce masa ya zo ya hana idan ya isa, bai zo ba. Inna ta kwashe leda da ɓawon gyaɗa daga ramin ta zubar gefe, ta sa tafin hannunta ciki. Ta shafa ƙasan, ta zagaya bakin da yatsu, ta sake komawa. Ina tsaye ina jin daɗin dabarata.

Sai ta zare hannun da sauri, ta goge shi a zanenta.

"Wanga na gidan bahaguwa na," ta ce. "Ji yadda yac cinye ta wanga gehe. Ina namu?"

Babu sauran abin ɓoyewa, na faɗa mata. Ta rarrafa da kanta har ta ci karo da simintin, ta dafa shi, ta bi ƙarfen da hannu zuwa sama iyakar inda ta kai. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa na samu abin yi, na shiga zagin masu aikin da wanda ya sa su da dogon mai usur, ban bar kowa ba. Ta bari sai da na gaji.

"Su ba su sani ba, ɗiyata," ta ce. "Ke kin sani. Tunda nike ban taɓa sa hannu ga gurbin wata ba sai yau."

Ta miƙe ta karɓi takalmanta. Na kai hannu zan riƙe ta, ta janye gwiwar hannunta. Wayar da aka kewaye wurin da ita ta laluba ta kama, ta bi ta a hankali har bakin ƙofa, ina biye da ita a baya.