Ranar da na mai da gwani aljani

Har yau ban manta ranar da na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa da kalma guda ba. Lokacin ina sabon tafinta a wani shirin noman rani a Diffa. Aikina in juya maganar baƙi daga Faransanci zuwa Hausa.

Mun raka wani injiniya bakin kogin Komadugu. Injin ban ruwan ƙungiyar manoma ya kwana biyar a mace, tattasai yana fure, ganye ya fara yaushi. Injiniya ya duba, ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Yamai. Sai wani ɗan gudun hijira da ke zaune a Assaga, Malam Bukar, ya nemi izini. Ya kwance injin, ya yanko roba daga tsohuwar taya, ya ɗaure. Ruwa ya feso.

Injiniya ya yi tsalle ya ce, "C'est un génie!"

Ni kuwa a littafin tatsuniyar lakwal, wato makarantar boko, na san kalmar. Na ce, "Ya ce mutumin nan aljani ne."

Alhaji Mustafa, shugaban ƙungiya, ya ja da baya. Kashegari na ji an fasa ba Malam Bukar kula da injin, bayan an yi niyyar ba shi, wai baƙo ne, ba a san da me yake aiki ba.

Na kai wa shugabata, Madam Falmata, labari. Ta dafe kai. "Kalmar fuska biyu gare ta. Yabonsa ya yi. Wanda ya fi kowa a sana'arsa, me Bahaushe ke ce masa?"

"Gwani, ranki ya daɗe."

"To ɗauki babur."

Na tarar da manoma a inuwa. Na durƙusa na ce, "Alhaji, kuskurena ne. Gwani aka ce."

"Goni?" in ji shi. "Shi ma ya haddace Alƙur'ani ne?"

"A'a, gwanin inji. Kamar yadda Goni ya zarce a allo, haka shi a ƙarfe."

Alhaji ya yi dariya har da tari, ya aika a kira shi. Malam Bukar ya zo ya karɓi makullin ɗakin inji. Sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Ku da kuke shigowa aikin nan, in kalma ta shige muku duhu, ku tsaya ku tambayi mai ita. Jama'a ba sa jin baƙo, ku suke ji, kuma abin da kuka faɗa da shi za su yi aiki.