Launin Fuskar Mama

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba na sayar da kayan wankin hotona, na sayi kwamfuta da kyamarar zamani, na buɗe shago a unguwar Trikania. A cikin manhajar gyaran hoto akwai wani maɓalli da muke kira oto. Ka danna shi sau ɗaya, na'ura ta daidaita haske da duhu da kanta. Akwai kuma hanyar hannu, wadda za ka zauna kana jan hasken kaɗan-kaɗan har idonka ya gamsu. Ni kuwa gajen haƙuri gare ni, don haka oto ya zama abokina. Masu zuwa ɗaukar hoto ma sun fi son sa, tunda yana ƙara musu fari, kowa ya fita yana washe baki.

Hoton Mama ɗaya ne tak a hannunmu, domin ta tsani kyamara. Na ɗauke ta ne a Kamazou ranar taron zumuntar matan coci, tana gindin mangwaro da farin ɗankwali. Baƙa ce ƙwarai, da siririn zane uku a kowane kunci, amma inuwa ta ɗan rufe fuskar.

Da ta rasu, aka ce in fitar da hoton don takardar jana'iza. Hankalina ba ya jikina. Na danna oto, na ga fuska ta washe, na adana shi a kan na asalin. Katin kyamarar kuwa na daɗe da goge shi.

A ƙofar coci Baba ya riƙe takardar, ya jima yana kallo. Sannan ya ce, "Kai, wace ce wannan? Uwarku ba fara ba ce. Ina zanenta?"

Na ce, "Zan gyara, Baba."

Ashe abin da haske ya cinye ba ya dawowa. Dole na koyi hanyar hannun da na raina. In an kawo wuta da rana babu ciniki, sai in zauna ni kaɗai ina rage haske, ina mayar da zanen daga abin da na tuna. Ranar Lahadi in kai wa Baba. Ya ce, "Ƙara duhu kaɗan." Wani makon ya ce, "Ya yi yawa, ka mai da ita gawayi." Har mu yi dariya. Sau ɗaya ya ce, "Ka kusa." Bai ga na gaba ba, damina ba ta ƙare ba muka binne shi.

'Yan'uwana sun watse, kowa da garinsa. Har yau ina buɗe hoton, kuma kaɗaici ya fi damuna a lokacin, don ba wanda zan tambaya ko na kusa dawo da kamanninta. Jiya na rufe ido in tuno launinta na gaskiya. Farar matar nan ta takardar jana'iza ce ta zo mini.