Malam Kalilu Maƙeri da Bindigar Kabo

Shekara arba'in da ɗoriya, da an sallame sallar asuba Malam Kalilu zai buɗe maƙerarsa a bayan kasuwar Daura, ya hura wuta, ya fara da fartanya da lauje. Bindigogin toka na maharba kuwa sai hantsi yake taɓa su. Bana ya ajiye guduma, ido ya gaji.

'Yan shekaru bayan dawowar Shari'a aka harbe wani falken shanu, Misbahu, a hanyar Mai'adua. Misbahu ɗan Nagoggo ne, yayar Malam Kalilu ciki ɗaya. Aka kama Kabo maharbi, domin sun taɓa sa-in-sa a kan gona, ga shi kuma yana da bindiga. Gari ya rabu biyu, wasu na rantsuwa Kabo ne, wasu na cewa aikin 'yan fashi ne.

Kotu ta kira Malam Kalilu, don shi ke gyara wa Kabo bindiga. Ya jujjuya ta, ya leƙa bututun, sannan ya roƙi a nuna masa abin da likita ya ciro daga gawar.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce wa alƙali, "wannan harsashin kamfani ne mai rigar tagulla, ga zanen bututu a jikinsa. Ta Kabo cikinta sumul yake, albarushi da darma take ci."

Mai gabatar da ƙara ya ce, "Ba za a iya ɗura shi ta baki ba?"

"Za a iya. Amma ba zai fito da wannan zanen ba."

Aka aika wa masana harsashin da bindigar, sakamako ya dawo daidai da maganarsa, aka sallami Kabo. A ƙofar kotu Nagoggo ta tare shi.

"Kalilu, ɗanka fa aka kashe."

"Shi ya sa, Yaya. In aka kashe Kabo, wanda ya harbi Misbahu ya sha ke nan."

Shekara uku ba ta taka gidansa ba. Makashin kuwa har yau ba a gano shi ba.

Malam Kalilu, kai ne ka tsaya da hawayen ɗanka a ido ka faɗi abin da ka gani, ba ragi ba ƙari. Maƙerin Daura, ƙarfe ya san hannunka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Duk wanda aka kira shaida a kan sana'arsa, ya faɗi iyakar abin da ya sani kamar yadda wannan dattijo ya yi, ko da 'yan gidansu ne ke zaune a ɗaya ɓangaren.