Bai Ɗauki Ko Allura Ba

Shekaru sun ja, mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, a yi mini afuwa. Zamanin Turawa ne, ban daɗe da gama makaranta ba aka ba ni aikin akawu a Tambuwal. Mutum ne ni mai tsoron kuskure, takarda ɗaya sai in karanta ta sau uku kafin in sa hannu.

A lokacin an ware wani ɗaki ana tara kayan tarihi, su sulke da kwalkwali da tsofaffin tambura. Aka ɗauko wani dattijo daga Kebbe, muna ce masa Baba, ya tsare su, don ya san asalin kowanne. Ranar da ya kama aiki aka ba shi riga da mabuɗi a gaban jama'a, ni kuma aka ce in cika takardarsa. Gurbi biyu ne: na dindindin mai fansho, ko na wucin gadi da ake sallama ko yaushe. In ban manta ba, dindindin sai mai karatun boko, shi kuwa ajami ya iya. Na ji tsoron a ce na karya doka, sai na rubuta wucin gadi, da niyyar in tambayi Bature daga baya. Ban tambaya ba. Na ce Baba ya dangwala yatsa, ya dangwala yana tsokanata, wai na tsorata kamar ni za a yi wa kaciya. Ban karanta masa ba.

Shi a ganinsa naɗi aka yi masa, wanda aka naɗa kuwa ba a tuɓe shi sai da laifi. Da aka kwashe kayan zuwa wani gari aka sallame shi, sai mutanen Kebbe suka shiga tambayar me ya sata. Masu ba shi ajiya suka zo suka karɓe kayansu. Ya tako har ofis, yana kirana ɗansa, ya ce ba fansho ya kawo shi ba, in rubuta masa dai cewa bai ci amana ba, a karanta a ƙofar masallaci. Na ce sai na ji daga sama. Sau biyu yana dawowa. Kafin amsa ta zo ya rasu.

Har yau in na tuna ba na iya zama wuri ɗaya. Wannan shaida ba ta buƙatar izinin kowa, ni na ƙirga kayan, na san sun cika. Duk mai sa wani ya dangwala yatsa, ya fara karanta masa, ya kuma tambaye shi me ya fahimta.

In akwai wanda ya shaida lamarin a Kebbe ko Tambuwal, ya rubuto ya gyara mini inda na kauce. Abu ɗaya ne ba ya son gyara: Baba bai ɗauki ko allura ba.