Da Aka Mayar da Fada Oman

A unguwar Al Quoz nake lodin kaya a sito lokacin da aka kawo mana Fada ɗan gida, mai jin Hausa. Mu Katolikan Arewa ba mu da yawa a Dubai. A coci mukan ɓace cikin Indiyawa da 'yan Filifin.

Wanda ya fi kowa murna shi ne Baba, dattijon da muke ɗaki ɗaya, mai gadi a kamfaninmu. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, Larabcinsa kuwa yalla da khalas ne. Tun da ya zo ƙasar bai taɓa furta zunubinsa gaban firist ba, sai da Fadan nan ya zo.

Ba a yi shekara ba, wata Lahadi bayan ibadar Misa, Fada ya ce an mayar da shi Oman.

Na ce, "Fada, ai wannan wata ƙasa ce!"

Ya ce, "Ɗana, a wurin coci gida ɗaya ne. Bishop ɗaya ke riƙe da nan da Oman da Yaman. Inda ya ce, can za ni."

A jiharmu kaɗai bishop ya fi ɗaya. A nan mutum guda aka ɗora wa ƙasa uku, ina zai san da wani mai gadi?

Da zafi ya shigo, ciwo ya kwantar da Baba. Wani Alhaji Bakano da muke yi wa lodi ya ce zai kai shi Oman a motarsa, amma fasfon Baba yana hannun kamfani, suka hana. Na kira Fada. Ya gaishe da Baba, ya yi masa addu'a, ya ce amma furta zunubi ba ya yiwuwa ta waya.

Wani Fada Ba'indiye ya zo asibiti, mutumin kirki. Na ce zan yi tafinta. Baba ya dube ni.

"Kai yaro, a kunnenka zan zuba abin da na aikata?"

Aka shafa masa mai mai tsarki na marasa lafiya, ya juya fuska bango. A makon ya rasu.

Har yanzu ina zuwa coci. Idan aka zo yi wa bishop addu'a, nakan yi shiru.