Ranar da Motar Auta Ta Durƙusa

Autanmu ya sayi motar ne shekarar da albasa ta yi masa kyau. Shi ke kwasar albasar Danchadi yana kaiwa Kudu, kuma tun yana yaro ba ya son abin da kowa ke da shi. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ga ta manne da ƙasa, sai mutum ya naɗe kansa kamar tabarma kafin ya shiga. Ranar da ya kawo ta Bodinga mu sa albarka, ko lungunmu ba ta iya shigowa ba. Cikinta ya kama tudun bakin kwalbati, ta tsaya tana gurnani, masu babur mai ƙafa uku suna ratsa ta suna dariya.

Na ce masa, "Auta, wagga mota ta ko kunkuru?"

Bai yi dariya ba. Na san shi, abin ya ci masa rai. Bai jima ba ya kai ta wani gareji a Kaduna, aka cire mata shakazoba na asali, wato ƙarafan da ke rage jijjigar hanya, aka sa mata waɗansu masu aiki da iska da lantarki, kowace taya da nata. Da ya dawo, sai ga shi har ƙofar gida, motar ta miƙe tsaye ta haye tudun nan ba ko gezau.

"Yaya, kwamfuta ag gare ta yanzu," in ji shi. "Ita ka karanta hanya da kanta. In tag ga rami ta sassauta, in tag ga kwana ta ɗaure. In nis so in ɗaga ta, wanga maɓalli nika taɓawa."

Ya sa na riƙe kwanon fura a cinya, muka bi hanyar Sifawa, ko ɗigo bai zuba ba. Na yaba, don gaskiya abin yabo ne. Amma akwai abu ɗaya da ban so ba. Idan ya kashe ta ya kulle ya tafi, takan ɗan jima a tsaye, daga baya sai ta saki wani huci, ta sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Shi ya roƙa a yi masa haka, wai ta fi kyau a hoto. Ni kuwa tsigar jikina tashi take yi. Ban saba ganin ƙarfe yana motsi ba kowa a ciki ba.

Da bazara aka yi suna a gidan kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, a wani ƙauye gefen Shagari. Ni da ɗiyata muka riga shi zuwa a motar haya. Lokacin ba ta isa shiga makaranta ba, kuma ba ta zama wuri ɗaya, ƙafarta kamar da ƙaiƙayi. Daren jajibiri na ƙunsa mata lalle, tana ta nuna wa kowa tafin ƙafarta. Auta ya iso dab da azahar. Saboda yashi da sawun amalanke ya ɗaga motar iya ɗagawa, ya ajiye ta a filin ƙofar gida, ya kulle, ya bi maza masallaci.

Wanda ya san zafin bazara a wurinmu ya san inuwa ba ta zama banza. Mota na tsayawa, kaji da awaki sun shige ƙarƙashinta. Shi ya sa duk direban da ya san kansa ba ya tayar da mota sai ya duƙa ya leƙa, ya bubbuga ƙofa. Kowa ya san wannan, har yara. Amma duk tsoronmu a kan tayar da mota yake. Wadda aka kashe aka kulle, a wurinmu daidai take da bango.

Ina cikin gida ina rabon tuwo na ji hucin. Na gane shi, ban dai kawo komai a raina ba. Sai na ji kukan awaki da gudu, sannan wata ƙaramar murya can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin randa. Na waiga inda na bar yarinyar zaune, ba ta nan. Ban san lokacin da na jefar da mara na fita ba, ko mayafi babu.

Motar ta riga ta sauka. A ƙarƙashin ƙofar direba ga ƙafa ɗaya ta leƙo, ja jawur da lalle.

Na zube a yashin nan mai ƙuna, na kama ƙafar na ja. Ta ƙwalla ƙara. Matar kawu ta riƙe mini hannu. "Kak ki ja! Kak ki ja ta, wani abu ya danne ta!" Na kwantar da kumatuna a ƙasa na leƙa. Rubda ciki take, kanta a juye wajena, ƙarfen cikin motar yana zaune a tsakiyar bayanta. Idanunta a buɗe. Numfashi take ja guntu-guntu. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Mata suka sa kururuwa, maza suka fito daga masallaci a guje, wasu ba takalmi. Mutanen ƙauyen kawu makiyaya ne, sun saba tayar da saniyar da rani ya kayar. Ba su tsaya shawara ba, suka jeru a gefe ɗaya, suka yi bisimilla, suka ɗaga. Na ga haske ya shiga ƙarƙashin, na ce alhamdu lillahi. Sai motar ta sake yin huci, mai tsawo wannan karon, ɗaya gefen ya ƙara nutsewa. Yarinyar ta yi shiru. Ƙafar da ke hannuna ta daina motsi.

"Ku dakata! Kak ku ƙara ɗagawa!" Auta ne, ya ratso mutane, hularsa ta faɗi. "In kunka ɗaga, gani takai ta yi bisa da yawa, sai ta ƙara sakin iska. Sai an tada ta. In anka tada ta, da kanta za ta tashi."

Kawu ya sha gabansa, ya tokare ƙofar da jikinsa. Dattijo ne da ba ya ɗaga murya, amma ranar sai da ya ɗaga ta. "Kai yaro, hankalinka guda? Ba a tada mota da rai ƙalƙashinta. Ba a gabana ba."

Duk wanda ke wurin yana bayan kawu, ni ma rabin zuciyata tana bayansa. Abin da aka koya mana ke nan tun muna goye. In ta zabura fa? In ta ƙara sauka kafin ta tashi? Auta ya juyo wajena. Ya durƙusa kusa da ni, fuskarsa sharkaf da gumi.

"Yaya, ɗiyakki ta. Mi kic ce?"

A lokacin da zan iya, da na shaƙe shi. Na tsane shi, na tsani motar, na tsani ranar da na kira ta kunkuru. Amma ƙafar nan tana hannuna, kuma ba ta motsi.

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ka kauce. Auta, tada ta."

Matar kawu ta aika aka kwaso taɓare daga cikin gida, mata suka cusa su a kwance ƙarƙashin motar don kada ta ƙara yin ƙasa, maza suka sauke nasu gefen sannu a kai. Auta bai shiga ba, kada nauyinsa ya ƙaru. Daga durƙushe ya buɗe ƙofa, ya danna birki da hannu ɗaya, ya taɓa maɓalli da ɗayan. Injin ya yi ruri a saitin kunnena. Wasu mata suka rufe ido, kawu yana ta salati. Motar ta girgiza, ta yi kamar za ta ƙara dannawa, na ji taɓarya ɗaya ta yi ƙara. Sannan wani abu ya fara gunji a cikinta, ta soma tashi. Ban taɓa ganin abu mai nawa irin wannan tashin ba. Da na ga rata tsakanin ƙarfen da rigarta, na jawo ta gaba ɗaya zuwa ƙirjina.

Jikinta a sake yake, bakinta cike da yashi. Na sa yatsa na kwashe, matar kawu ta watsa mata ruwa. Ta yi tari. Ta sake yin tari, sannan ta fashe da kuka, duk filin ya ɗauki kabbara. Ashe bin wata 'yar akuya ta yi har ƙarƙashin motar, ta tarar da sanyin inuwa, ta kwanta.

A motar haya muka kai ta asibiti, don na rantse ba za ta shiga jar nan ba. Aka ce haƙarƙari ya tsage, zai haɗe. Ya kuwa haɗe. Auta ya rabu da motar kafin damina ta faɗi, ban tambaye shi wa ya ba ko yaya aka yi ba. Yanzu wata tsohuwar a-kori-kura yake ja. In ya kashe ta ya fito, sai ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya tafi, ya sake dawowa ya leƙa. Mutane suna yi masa dariya, ni ba na yi.

Yarinyar ba ta tuna komai. Da ta hango kawunta Auta take rugawa ta ɗale masa wuya. Abin da ya rage shi ne tabon kan notin cikin motar a tsakiyar bayanta, zagayayye. Kwanan baya ina cuɗa mata baya ta ture hannuna.

"Inna, mi a nan wurin? Kullum nan kika tsayawa."

Na ce ba komai, juya in ɗauraye miki. Ta juya, hannuna ya sake komawa wurin.